Bayan An Sauya Tuta a Garinmu

Kawuna, yayan mahaifiyata, gyaran kifi yake yi a babbar kasuwar kifi ta Jidda. Mai saye ya zaɓi kifinsa, a auna masa, sai ya kai can ƙarshen rumfa inda su Kawu suke tsaye cikin takalmin roba, su kankare, su feɗe, su yanka masa yadda yake so. A kan wannan aiki na same shi lokacin da na zo Jidda ina amarya, kuma shi ya ci gaba da yi har ƙafa ta hana shi tsayuwa. Ban taɓa jin ya yabi kifin teku ba. Cewa yake kyan ido kawai gare shi, bai kai tarwaɗar tafkinmu maiƙo ba.

Aikin hajji ne ya kawo shi tun ina goye, ya zauna bai koma ba. Ba shi da iƙama, wato takardar izinin zama. Fasfon da ya zo da shi kuwa ruwan sama ya lalata shi wata shekara da rufin ɗakinsu ya yi yoyo. Ɗakin a tsohuwar unguwar Balad yake, a saman wani tsohon gida, su biyar a ciki. Mu a unguwar Waziriyya muke zaune. Maigidana haifaffen Jidda ne, direban tankar ruwa, kakansa ne ya taso daga gida da ƙafa. Kawu ne ya haɗa aurenmu saboda amincinsa da surukina. Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci a gidanmu yake cin abinci. Ya zo da kan kifi a leda, in yi masa miyar kuka.

Garinmu a tsakiyar tafki yake, kuma ba tsohon gari ba ne. Shi kansa Kawu a sansanin masunta aka haife shi, wurin da yau ko alamarsa babu. A shekarun fari ruwa ya riƙa janyewa gabas, masunta suna bin sa. Inda ya tsaya su kafa bukka, ya ƙara ja su tashi. Haka su Kawu da mahaifina da wasu tsiraru suka iske wani tudu da ruwa ya bari, suka kafa zana suka zauna. Mutane suka yi ta zuwa. Kafin in yi wayo an yi kasuwar banda, an yi masallacin Juma'a, gwamnatinmu ta gina firamare da ɗakin shan magani, ta kafa tuta. A makarantar na yi karatu.

Babu wanda ya ga iyaka a kan ruwa lokacin da suke bin kifi. Ashe a takardun da Turawa suka bari, tudun nan na maƙwabciyar ƙasa ne. Ba mu san haka ba sai da jandarmansu suka fara zuwa a jirgi mai inji suna tambayar mutane takarda da Faransanci. Ƙasarmu ita ma ta turo soja. Kafin aurena har mun saba da ganin bindiga a bakin ruwa.

A shekarata ta biyu a Jidda wata mai umara ta kawo mana kaset daga Inna, mahaifiyata. A lokacin babu waya a garinmu, kaset ne wasiƙa. Na ajiye shi har Juma'a don mu saurara tare da Kawu. Inna ta daɗe tana gaisuwa. Ta gai da surukaina ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi nauyin jikina. Ana jin kukan awaki a bayanta.

Ta ce, “Sai haƙuri. Yayanki ya fita duba tarko da hantsi, jiragen soja biyu suka haɗu a mashigi suka buɗe wa juna wuta, shi yana tsakiya. Da la'asar aka kawo shi. Ba mu san harsashin waɗanne ba ne.”

Kawu ya miƙa hannu ya kashe rediyon. Ya yi salati a hankali. Shi ne ya yanka wa Yaya ragon suna. Ranar miyar nan haka ta huce a tukunya, babu wanda ya taɓa ta.

Maganar garin namu da wasu garuruwan tafki tana gaban wata babbar kotu a Turai. Aka daɗe ana jira, daga ƙarshe kotu ta ce ƙasar ta maƙwabta ce. Nan hankali ya ƙara tashi, domin yanke hukunci daban, janye soja daban. Aka ce an ƙara kai dakaru bakin tafki ta ɓangarorin biyu. Duk inda Hausawa suka taru a Jidda zancen ke nan.

Wata Juma'a maigida ya zo da baƙo, wani mai sayar da atamfa a kasuwar Bab Makka, sabon zuwa daga wani babban birni mai nisa da tafki. Ina kicin ina jin su. Baƙon ya ɗaga murya ya ce, “Ko taku ɗaya ba za a ba su ba! Mu da muke da soja kamar ƙasa? Wallahi mako guda ya ishe mu mu gama da su.”

Kawu ya ce, “Alhaji, ka taɓa shiga kwalekwale?”

“Ban taɓa ba. Amma ai ƙasata ce.”

“Ƙasarka ce, ban musa ba. Makon nan guda da kake faɗa, a kan wa za a yi shi? Gidan ƙanwata zana ce. Ɗanta na fari yana kabari, ba a ma fara yaƙin ba. Ni dai a zauna a yi magana. In shekara goma za a yi ana magana, a yi. In sun ce garin nasu ne, a ba su, mutanen su kwana da ransu.”

Baƙon ya ce wannan maganar matsorata ce. Maigida ya shiga tsakani da irin Hausarsa mai haɗe da Larabci, ya ce, “Khalas, ya jama'a, yalla, abinci zai huce.” Baƙon bai ƙara zuwa gidanmu ba.

Maganar kuwa aka yi. Shugabannin ƙasashen biyu suka haɗu a wata ƙasa ta daban, suka kafa kwamiti na haɗin gwiwa. Kwamitin ya yi ta zama, yau a birninsu, gobe a namu. Kawu ya sayi ƙaramin rediyo yana sa shi a aljihun gaba, yana gyaran kifi yana saurare. Sau da yawa abin da yake kawo mana ranar Juma'a bai wuce “an ɗage zama” ba. Akwai lokacin da aka ce an tashi baram-baram, ya zo fuskarsa a murtuke. Bayan makonni aka ce an koma teburi. A cikin watannin nan duk mai umarar da ta ƙwanƙwasa mana ƙofa sai in ji tsoron ko kaset ta kawo.

Daga ƙarshe aka sa rana. Inna ta ba mu labarin yadda aka yi. Manyan mutane suka zo a jirage daga ɓangarorin biyu, tare da wasu baƙi 'yan sa ido. Aka kafa rumfa a filin makaranta, aka yi jawabai da Turanci da Faransanci waɗanda 'yan gari ba su ji ba. Sojanmu suka sauke tuta suka naɗe ta, waɗancan suka ɗaga tasu. Ba a harba ko harsashi ɗaya ba. Kafin magariba sojanmu sun shiga jirage sun tafi.

Kawu ya zo da ƙaton kifi guda, ya ce in soya a raba wa maƙwabta sadaka. Ban taɓa ganin sa cikin farin ciki kamar ranar ba.

Abin da aka amince a kai shi ne, wanda yake so ya zauna ba za a kore shi ba, gidansa da komarsa nasa ne, wanda kuma yake so ya tashi ba za a hana shi ba. Malaman makaranta suka tafi. Mai ba da magani ya tafi. Yayata da mijinta suka kwashe 'ya'yansu suka koma wani fili da aka ware a tudu, nesa da ruwa, inda masunci ba shi da abin yi. Inna ta ce ba inda za ta, kabarin mijinta da na ɗanta suna nan. Sababbin ma'aikata suka bi gida gida suna rubuta sunan duk wanda suka tarar. Kawu a lokacin yana Jidda da wuƙa a hannu. Babu wanda ya yi tunaninsa, har mu da muke cin abinci da shi duk mako.

Shekaru suka shige, fiye da goma. Na haifi 'ya'ya huɗu. Waya ta iso garinmu, muka daina kaset. Kawu ya tsufa a tsaye a kan siminti mai jiƙe. Ciwon suga ya kama shi bai sani ba, sai da ƙayar kifi ta huda takalminsa ta soke shi a tafin ƙafa, ciwon ya ƙi warkewa. Asibiti sai da iƙama. Wani mai kantin magani ne yake wanke masa, ya naɗe. Yatsu biyu suka yi baƙi. A daidai lokacin aka tsananta binciken takardu a kasuwa, aka kuma tashi mutanen gidansu na Balad za a gyara shi. Ya dawo gidanmu da jaka ɗaya da buta, muka shimfiɗa masa katifa a falo.

Bai ji daɗin zaman ba. Mutum ne da bai taɓa kwana a ƙarƙashin wani ba. Wata rana ina wanke masa ƙafa ya ce, “Ɗiyata, gida nake so. Ba na son in mutu a falon suruki. A kai ni in ga ƙanwata, in zauna a bakin ruwa ko da ba zan shiga ba.”

Sai ga sanarwa an yi afuwa. Duk mara takarda yana iya fita cikin 'yan watanni ba tare da hukunci ba, muddin ƙasarsa ta ba shi takardar tafiya. Muka ce Allah ya kawo sauƙi.

Maigida ya ɗauki hutun kwana ɗaya ya kai mu ofishin jakadancin ƙasarmu. Tun da sassafe muke kan layi, Kawu yana dogara sanda, sai bayan azahar muka isa taga. Ma'aikacin matashi ne mai ladabi. Ya gai da Kawu ya ce, “Baba, ɗan wane gari ne?”

Kawu ya faɗa masa. Ya duba na'ura, ya sake dubawa.

“Baba, wannan garin ai ba ya cikin namu yanzu.”

“Na sani, ɗana. Amma da fasfonku na zo.”

“Ina fasfon?”

“Ruwa ya ci.”

“To, a ina aka haife ka?”

Kawu ya ce, “A ruwa.”

Mutanen da ke bayanmu suka yi dariya. Ma'aikacin bai yi ba. Ya ce shi ba zai iya ba da takarda da baki kawai ba, domin mutane da yawa suna zuwa daga ƙasashe daban-daban suna cewa su namu ne. A kawo shaida a rubuce daga mai gari, sai ya ga abin da zai iya.

Na kira Inna. Mai garin na yanzu ɗan abokin Kawu ne, bai ɓata lokaci ba. Ya rubuta cewa Kawu yana cikin waɗanda suka kafa garin, ya buga hatimi, aka ɗauki hoton takardar aka turo ta waya. Da Faransanci take, hatimin kuma na maƙwabciyar ƙasa ne. Ni a lokacin ban ga aibin haka ba. Muka buga ta a takarda muka koma layi.

Matashin ya daɗe yana kallon ta. Ya ce, “Baba, wannan takardar ai su take ba ka. Cewa take kai ɗan garinsu ne. In na sa hannu a kan wannan, aikina zan rasa. Ku gwada ofishinsu.”

Ofishin nasu ƙarami ne, a wani gida cikin unguwa, babu layi sosai. Mace muka samu, tana jin Hausa da karin Fulatanci. Da ta ga ƙafar Kawu ta sa aka kawo masa kujera da ruwan sanyi, ta saurare shi har ya gama. Sannan ta buɗe jerin sunayen da aka rubuta a garinmu bayan miƙawa. Tana bi da yatsa har ta zo kan sunan Inna, ta karanta shi a fili. Kawu ya yi murmushi ya ce, “Ita ce, ƙanwata ce, uwa ɗaya uba ɗaya.”

Ta bi jerin har ƙarshe. Ta ce, “Baba, babu naka.”

“Ina nan Jidda aka rubuta.”

“Yarjejeniyar waɗanda suke zaune a garin ta ambata. Kai ka fita da fasfon wata ƙasa, ba ka koma ba.”

Kawu ya ce, “Hajiya, ni na kafa zanar farko a garin nan da hannuna.”

Ta ce, “Na yarda da kai, Baba, wallahi na yarda. Amma ba ni na rubuta yarjejeniyar ba. Zan aika wa manya a babban birni. Sai a jira.”

Muka jira. Duk mako biyu ina komawa, in gai da ita, ta girgiza kai. Na koma wurin matashin ma sau uku. Ya gane ni har yana kawar da ido in ya hango ni a layi. Wa'adin afuwa ya ƙare muna tsakanin ofisoshi biyu.

Bayan afuwa aka shiga kame, aka kuma yi gargaɗi ga duk wanda ya ɓoye mara takarda. Wata rana maigida ya dawo cin abincin rana bai taɓa abincin ba. Ya ja ni ɗaki ya rufe ƙofa. Ya ce, “Maman yara, kafili, ubangidan da iƙamata take hannunsa, ya kira ni. Ya ce ya ji akwai tsoho mara iƙama a gidana. In aka kama, khalas, ni da ke da yara duk tarhil, a kore mu. Ina zan kai su? Ni kaina ban taɓa ganin ƙasar da ke jikin fasfona ba. Yaʿni, ki gaya mini, yaya zan yi?”

Bai ce a kori Kawu ba. Tambayata ya yi. Da na ce Kawu ba inda za shi, na san mijina, da ya haƙura ya yi shiru. Amma ban ce ba. Na tuna 'ya'yana da makarantarsu, na zauna a bakin gado ina kallon ƙasa har ya tashi ya koma aiki. Bangon gidajen Waziriyya ba shi da kauri, falo kuma yana jikin ɗakinmu.

Washegari da hantsi, bayan yara sun tafi makaranta, na fito na tarar Kawu ya naɗe katifa ya jingine ta, jakarsa tana gabansa.

Ya ce, “Ɗiyata, ki kai ni gada.”

Akwai wata gada a Jidda da marasa takarda suke zama a ƙarƙashinta suna jira a zo a kwashe su a mayar da su ƙasashensu. Kowa ya san ta.

Na ce, “Kawu, da wannan ƙafar?”

“In su suka ɗauke ni, dole su kai ni wani wuri. Hukuma ta fi jin maganar hukuma. Mu mun yi namu.”

Na yi kuka, na riƙe jakar. Ya bari na gama, sannan ya ce in ɗauko abayata. Ni da kaina na tsayar da tasi.

Ƙarƙashin gadar cike yake da mutane, maza a gefe, mata da ƙunshin kayansu a gefe, kowa a kan kwali. Motoci suna wucewa ta sama babu ƙaƙƙautawa, zafi kamar a bakin murhu, ga wari, ga ƙuda. Na sama masa wuri kusa da ginshiƙi inda inuwa ta fi daɗewa. Kullum da rana ina kai masa abinci, in kwance ƙafar in wanke a gaban mutane. Baƙin ya haura daga yatsu zuwa idon sawu. Maigida yana bi ta wurin da tankarsa ya sauke musu jarkokin ruwa, amma ba ya iya haɗa ido da Kawu. Shi kuwa Kawu kullum sai ya sa masa albarka.

A rana ta goma sha ɗaya na zo da kwano na tarar da kwalinsa babu kowa. Wata mata ta ce motoci sun zo da safe, mutum biyu ne suka ɗaga tsohon suka sa shi.

Wata huɗu ya yi a wurin da ake tsare masu jiran kora. Sau uku ya kira ni da wayar aro. A kira na biyu ya ce ana ba shi abinci, likita ma ya duba shi. Ya ce, “Kullum ana shigowa a kira ƙasa, mutanenta su tashi su tafi. An canja mutanen ɗakin nan sau nawa. Wakilan ofisoshin nan biyu duk suna zuwa, kowa ya gaishe ni, ya ce Baba sannu, ya wuce na gaba.” A kira na uku muryarsa ta yi ƙasa ƙwarai. Ya ce an yanke ƙafar daga gwiwa. Ya ce kada in gaya wa Inna, in ce mata ana kan magana.

Bayan kwana tara wani wanda suka zauna ɗaki ɗaya ya kira maigida ya ce tsoho ya cika a asibiti.

Na ɗauka shi ke nan, saura sutura. Ashe ba a binne baƙo sai ofishin ƙasarsa ya ba da takarda. Gawar Kawu ta zauna a ɗakin sanyi. Mako ɗaya, mako biyu. Mutane suna zuwa mini ta'aziyya suna tambaya a wace maƙabarta aka kai shi. Har firjin gidana na daina son buɗewa.

Maigida, wanda tun ranar gada magana ta yi ƙaranci tsakaninmu, ya ajiye tanka ya ce ko za a kore shi daga aiki sai ya ga an binne Kawu. Ya je wurin wani dattijo a unguwarmu, Bahaushen Sudan, wanda sana'arsa bin takardun mutane a ofisoshi. Dattijon ya saurara ya ce ba zai karɓi komai ba. Ya yi ta zirga-zirga tsakanin matashin nan da matar nan. Kowannensu tsoro yake ji, in ya rubuta cewa Kawu nasu ne, kamar ya amsa ke nan cewa duk waɗanda ba sa nan ranar miƙa garuruwan nasu ne, kuma wannan magana ta fi ƙarfin kujerarsa. Da ƙyar dattijon ya shawo kansu suka yarda su haɗu a shagonsa bayan la'asar.

Maigida ya ba ni labarin zaman. Ya ce sun fi awa ɗaya, shayi ya huce an sake dafawa, kowa yana cewa ɗayan ne ya kamata ya sa hannu. Dattijon ya ce musu, “'Ya'yana, manyanku sun raba tafki guda ba a yi yaƙi ba. Wannan mutum ɗaya ne, kuma ya riga ya mutu. Ba na ce wani ya ɗauke shi duka ba. Kowa ya rubuta iya abin da ya sani gaskiya ne.”

A kan haka aka tsaya. Matashin ya rubuta cewa shaidu sun tabbatar mamacin ya shigo da fasfon ƙasarmu, kuma ofishinsa ba ya hana a binne shi. Matar ta rubuta cewa garin da mamacin ya fito yana cikin ƙasarsu, 'yar'uwarsa tana cikin rajista, ofishinta shi ma ba ya hanawa. Babu wanda ya rubuta cewa nasu ne. Dattijon ya haɗa takardun biyu ya kai, aka karɓa.

Kwana ashirin da shida bayan rasuwarsa aka yi masa wanka. Maigida ne ya shiga kabarin ya karɓe shi. Abokan aikin Kawu na kasuwar kifi su shida suka zo, da dattijon, da matashin ofishin nan, wanda ya tsaya a sahun baya ya tafi kafin a gaisa. Ni ina gida, mata ba sa zuwa maƙabarta.

Sai a ranar na kira Inna. Na gaya mata komai ban da gada. Ta tambayi wanda ya yi masa wanka, ta tambaya ko an sami mutane a sallar. Na ce an samu. Ta ce, “To, alhamdu lillahi. Allah ya jiƙan Yaya. Ki gode wa mijinki, ya riƙe mana shi har ƙarshe.” Na ce to.

Har yau in aka tambaye ni, cewa nake gara da aka zauna aka yi magana. Wasu masifun sun auka wa tafki daga baya, amma sojan ƙasashen biyu ba su ƙara harbin juna a kan garinmu ba, kuma Inna ta tsufa a ɗakinta. Sai dai waɗanda suka zauna a teburin garuruwa suka lissafa da mutanen da ke cikinsu. Ba su tuna da wanda ya yi tafiya ba. Ba na iya zaginsu sosai, domin ni da na san shi, na san ƙafarsa, da aka tambaye ni shiru na yi. Amsar da matar nan ta nema daga babban birninsu ba ta zo ba har aka canja mata wurin aiki.

Bana idon Inna ya fara rufewa. Duk kiran da muka yi sai ta ce in zo ta gan ni tun tana iya gani. Fasfona na ƙasarmu ne, don haka sai na nemi biza kafin in shiga garin da aka haife ni. Na kai takarduna ƙaramin ofishin nan, na tarar da sabon ma'aikaci wanda ba ya jin Hausa, babbar 'yata ce ta yi mana tafinta da Larabci. Ya tambayi dalilin tafiya, na ce ziyarar mahaifiya. Ya ce a kawo takardar gayyata daga mai gari, in dawo bayan Sallah.